Wai tsuntsaye na da makabartarsu?

Kawu Manomi: Jama'a, tun ina yaro jan-baki ke sauka a gonar gero dubbai, amma ban taɓa ganin gawarsu ba sai wanda aka harbe. Ni dai na yarda da magabata: tsuntsu in ya ji ajali ya zo, akwai inda yake tafiya ya mutu.

Malamar Kimiyya: Kawu, Allah ya ƙara girma, ba inda suke tafiya. Yawancinsu ma ba sa kai tsufa, shaho ko maciji ko kyanwa ke gamawa da su. Wanda ciwo ya kama kuwa cusa kansa yake cikin ƙaya ko kogon itace don kada a ga rauninsa, can yake cikawa. Jikin ba nauyi, ƙashin rami ne a ciki. Tururuwa da tsutsa da gafiya suka taru a kai, kwana kaɗan sai 'yan fuka-fukai, su ma iska ta kwashe.

Kawu Manomi: To hankakan da ya koya wa Ƙabila binne gawa fa?

Alaramma: Yana cikin Ma'ida, aya ta 31, Alhaji. Allah ne ya aiko shi yana tonon ƙasa don ya nuna wa Ƙabila yadda zai rufe ɗan'uwansa. Ayar ba ta ce haka tsuntsaye ke yi kullum ba, kada mu ɗora mata abin da ba ta faɗa ba.

Ɗan Auta: Ni ina bayan Kawu. Shamuwa fa? Damina na ƙarewa sai ta ɓace ɓat.

Malamar Kimiyya: Auta, ci-rani take tafiya. Kudu take bin ruwa da fara, har Zambiya da Zimbabuwe, ta dawo mana gab da faɗuwar damina.

Likitan Dabbobi: Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ana ganin gawar, in mutuwar ta fi ƙarfin masu cin mushe. A Janairun 2021 an tsinci kwasa-kwasa wajen 750 matattu a gandun Djoudj na Senegal, murar tsuntsaye ce. A Botswana, 2019, ungulaye 537 suka zube a fili bayan sun ci mushen giwaye da aka sa wa guba. Da akwai makabarta, me ya hana su zuwa? Kuma don Allah, wanda ya ga tsuntsaye da yawa a mace wuri ɗaya kada ya taɓa, kada ya bar yara su ɗauka, ya sanar da ofishin dabbobi. Ba mu manta da abin da murar tsuntsaye ta yi wa kaji a 2006 ba.

Kawu Manomi: Likita, waɗannan annoba da guba ne suka riske su, ba su samu damar tafiya ba. Ni mutuwar tsufa nake magana.

Malamar Kimiyya: To Kawu, in an fara girbi ka sa yara su leƙa ƙarƙashin sarƙaƙiyar da jan-baki ke kwana, da sassafe, kafin tururuwa ta riga su.

Kawu Manomi: Zan sa a duba. In ba a ga komai ba, 'yata, goro na kanki.