Beyond Good & Evil: an sha yabo, kaya sun yi kwantai

Mai faifan PS2: Jama'a, waɗanda suka buga wannan gem na Ubisoft ku matso. Ya fito a Nuwamban 2003, masu sharhi suka yaba, makinsa a Metacritic, shafin da ke tara makin masu sharhi, ya haura 80 cikin 100, amma bai daɗe a kanta ba aka karya farashinsa. Me ya kayar da shi?

Tsohon ɗan gem: Malam, lokaci ne. A wannan Nuwamban ne Ubisoft ta saki Prince of Persia: The Sands of Time, talla ta koma can. Ga kasuwar ƙarshen shekara cike da manyan sunaye, shi kuwa sabon suna ne, ko da yake Michel Ancel mai gem ɗin Rayman ne ya tsara shi. Sannan in an ce ka bayyana shi a taƙaice sai ka rasa ta inda za ka fara: Jade, jarumar gem ɗin, tana ɗaukar hoto, tana faɗa da sanda, tana laɓe wa sojojin Alpha, tana tseren jirgin ruwa.

Yaya mai gyara: Daɗinsa kuwa a nan yake. Hoton dabbobi shi ne hanyar kuɗi, kada ka wuce dabba ba ka ɗauka ba. Lu'ulu'u 88 ne a gem ɗin, da su ake sayen kayan jirgi a garejin Mammago. Wanda ya yi sakaci da tara su zai maƙale, dole ya dawo baya nema.

'Yar kwamfuta: Yaya, ka manta na PC. Tsohon bugun ba ya karɓar pad, sai kibod da linzami. A sabuwar kwamfuta murya da hoto sukan saɓa, don an gina shi ne kan inji mai ƙwaƙwalwa ɗaya, wato core guda. Buɗe Task Manager, ka ɗaure shi a core guda. In ba ka son wahala, nemi bugun cika shekara 20 da ya fito 2024, don na HD na 2011 bai fito a PC ba.

Tsohon ɗan gem: Gajarta ma ta cuce shi, awa goma sha biyu ka kusa gamawa. Kuma a faɗan ƙarshe ana juya maka maɓallai, hagu ya koma dama, kada ka zargi pad ɗinka.

Mai faifan PS2: To na biyun fa?

Yaya mai gyara: An nuna shi 2008, an sake nunawa a E3, taron baje kolin gem, na 2017. Ci gaba da jira, ɗan'uwa.