Me za mu kira "brand perception" da Hausa?

Jama'ar Zango, salamu alaikum. Ƙanwata mai shagon ɗinki a unguwar Nima ta Accra ta ba ni takardar tambayoyi in mayar mata Hausa, tana son ta san yadda masu saye suke ɗaukar kayanta. Komai ya tafi daidai sai wannan kalma ta Turanci, "brand perception", ita ta tsaya mini a wuya kwana uku.

Malamin da na fara tuntuɓa ya ce "ra'ayin masu saye". Ban gamsu ba, domin ra'ayi na yau ne, gobe ya sauya, abin da ake nufi kuwa yana daɗewa a zuciya. Wani ɗan'uwa daga Asawase a Kumasi ya kawo "farin jinin kaya". Ta yi daɗi a kunne, amma gefe ɗaya ta kama. Kayan da aka tsana fa, mu ce farin jininsu sifili ne?

A kasuwar Makola ta Accra na samu amsa. Na raka wata Hajiya sayen yadi shida na biki. Kafin ta dubi zanen ma, sai ta juya bakin atamfar ta karanta sunan, ta murza ta da yatsu, ta ɗaga ta wa rana. Mai kaya ya miƙo wata mai rahusa, ya ce ai duk ɗaya ne. Ta ce, "A'a ɗana, wannan ba ta da shaida. GTP tun ina yarinya an shaide ta, ba ta zuba." GTP ɗin nan, kamfanin atamfa na Ghana, tun 1966 yake buga atamfa a garin Tema, Vlisco ta Holan kuwa tun 1846. Abin da Hajiya ta biya wa kuɗi ke nan, abin da bakin mutane ya tara shekara da shekaru.

Don haka ni na tsaya a kan "shaidar masu saye". Shaida tana yin kyau, tana yin muni, ana gadonta daga uwa, kuma tana aunuwa. Masu bincike sukan tambayi mutum, daga 0 zuwa 10, ko zai tura ɗan'uwansa ya sayi kayan. Wanda ya ce 9 ko 10 ya yi shaidar alheri, daga 6 zuwa ƙasa ya kushe. Aikin duka sai mu kira shi "awon shaida".

Abu ɗaya ke damuna: wani zai ji "shaida" ya zaci rasit ko takardar inganci ake nufi. Iyayenmu mata na kasuwannin Makola da Kejetia, ku da kuke faɗin kalmar kullum, in na rubuta "Wace shaida za ki yi wa ɗinkinmu?" za a gane?