Yarona yana aji biyar amma bai iya karatu ba, manhaja ce ko malamai?

Baban Khalifa, Ringim:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah malaman firamare da ke nan ku warware min wannan. Yarona aji biyar yake, in ka tambaye shi jihohin Najeriya zai zubo maka 36 ɗin da manyan biranensu ba gargada, amma na miƙa masa takardar asibiti da aka rubuta da Hausa ya kasa haɗa baƙi biyu. Littafinsa kuma cike yake da rubutu fal. To me ake koya musu ne? Wallahi abin yana hana ni barci.

Malama Uwar Ɗalibai, Gumel:
Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Kwafa yake yi daga allo, shi ya sa ka ga littafin ya cika. Manhajar kuwa NERDC, hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, ce ke tsara ta daga Abuja, mu kuma a ba mu sikim a ce sati kaza darasi kaza, sufabaiza in ya zo lesin not, wato rubutun shirin darasi, yake dubawa ya ga ko ka kai inda aka ce, ba ya ɗaga yaro ya ce karanta min, ga aji ya cika maƙil ga damina ta zo rabin yaran suna gona ranar kasuwa ma haka, to wanda baƙi da wasali suka wuce shi a aji ɗaya haka zai yi ta tafiya har aji shida ba mai komawa ya ɗauko shi.

Alaramma, Kazaure:
A makarantar allo ai ba a wanke wa yaro allo sai ya biya karatunsa daidai, ko zai yi wata a kai. Boko kuwa shekara ce ke ciyar da yaro gaba.

Ɗan Wudil:
Gaskiya ne Alaramma. A 2019 an kawo shirin KaLMA na koyar da karatu da lissafi nan Wudil da Dawakin Tofa, 'yan aji huɗu zuwa shida, aka gwada kowane yaro aka raba su bisa abin da suka iya, masu baƙaƙe daban masu kalmomi daban, kuma da Hausa aka faro. Baban Khalifa ka yi haka a gida, bayan magariba, ba be bi bo bu, sai ya riƙe kafin ku wuce. Turancin zai fi shigarsa in ya iya karanta Hausa.

Baban Khalifa, Ringim:
Allah ya saka da alheri. Malama, in na je wajen hedimasta na roƙi a bar shi ya maimaita aji, ana yarda kuwa?

Malama Uwar Ɗalibai, Gumel:
Ana yarda in uba ya nema. Amma ka roƙa a haɗa shi da malamin aji ɗaya ko na rabin awa ne kullum, in ba haka ba sikim ɗin bara zai sake kwafa.