Shimfiɗar BiVO4 a kan gilashin FTO: me ya sa wutar take yin kaɗan?

Ɗalibar sinadarai:
Assalamu alaikum malamai. Gwajin raba ruwa da haske ne don fitar da oksijin. An shafa BiVO4 (bismut banadet, sinadarin da ke juya haske ya zama wutar lantarki) a kan gilashin FTO (gilashi mai rufin da lantarki ke bi), an gasa a digiri 450 na awa 2, kaurinta wajen nanomita 400. A 1.23 V bisa ma'aunin RHE (ma'aunin haidurojin da ake kwatanta ƙarfin lantarki da shi), cikin ruwan fosfet mai pH 7, wutar ba ta kai 0.3 mA/cm² ba, kuma tana raguwa. Shimfiɗar ce ta lalace, ko a wajen awo matsalar take?

Malamin lantarki:
Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki taɓa tanderu, zuba Na2SO3 (sodiyom salfayit) mai ƙarfin 0.5 M a ruwan, ki sake awo. Salfayit yana karɓar gurbin ilektron (gurbin da ilektron ke bari idan haske ya fizge shi) nan take. Idan wutar ta yi tsalle, to cikin shimfiɗar lafiya lau, fitar da oksijin a samanta ne ke tafiyar hawainiya, kuma maganinsa a ɗora sinadarin da ke hanzarta fitar oksijin, kamar Co-Pi ko FeOOH da NiOOH. Idan ba ta motsa ba, cajin yana mutuwa ne tun a ciki.

Sannan ki haska ta bayan gilashi, ki kwatanta da ta gaba. Ilektron ba ya tafiya da kyau a cikin BiVO4, shi ya sa hasken baya ya kan fi ba da wuta. Kaurin nan naki ya yi yawa a ganina, domin gurbin ba ya wuce kimanin nanomita 100 kafin ya sake haɗuwa da ilektron. Ki sauko zuwa 150 ko 200, ki sa Mo (molibdenom) ko W (tungsten) kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari a madadin banadiyom. Iyakar abin da BiVO4 zai iya bayarwa a lissafi wajen 7.5 mA/cm² ne, saboda tazarar makamashinsa 2.4 eV, wato mafi ƙarancin makamashin hasken da yake iya sha.

Mai aikin tanderu:
Gaskiya ne, Malam. Amma raguwar nan daga fosfet take: yana cin BiVO4 a ƙarƙashin haske, banadiyom ya riƙa zuba cikin ruwa. Ruwan boret mai pH 9 ya fi sauƙi a kansa. In za ki shimfiɗa WO3 (tungsten oksaid) a ƙasa don ya janye ilektron, ki tabbata BiVO4 ya rufe shi ruf, don WO3 narkewa yake a ruwa mai alkali irin boret ɗin, ƙaramin huji ya isa. Kada gashi ya wuce digiri 550, gilashin zai fara laushi.

Ɗalibar sinadarai:
Na gode ƙwarai. Da ilektrod ɗin kwatance na Ag/AgCl ake awon, yaya ake juya shi zuwa ma'aunin RHE?

Malamin lantarki:
A kan abin da kika auna, ki ƙara 0.197 V in ruwan KCl da ke cikin ilektrod ɗin cikakke ne, da 0.059 sau pH. A pH 7, 1.23 V ɗinki zai zama wajen 0.62 V a kan Ag/AgCl. Ki kuma daidaita fitilar a 100 mW/cm², ki auna faɗin wurin da haske ya taɓa kaɗai.