Cibiyar matasa ta dindindin a birnin Sakkwato: kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa

Malam Umaru, Mabera:
Assalamu alaikum. Kwamitin unguwarmu na shawarar kama hayar gida don buɗe cibiya saboda yaran da gari ya juya wa baya: 'yan eriya, masu shaye-shaye, waɗanda suka watsar da makaranta, da yaran da 'yan bindiga suka koro daga Isa, Sabon Birni da Rabah, suka shigo birni ba uwa ba uba. Taron wayar da kai na yini ɗaya mun gaji da shi. Wuri muke so wanda yaro zai tarar da ƙofarsa a buɗe yau, ya dawo bayan wata shida ya tarar da ita a buɗe, da fuskar da ya sani a ciki. Kafin mu taɓa kuɗin jama'a, duk wanda ya taɓa zama da irin yaran nan ya faɗa mana abin da ya gani.

Bello mai kabu-kabu, Tudun Wada:
Malam, ni cikinsu na hito, don haka ku saurare ni da kyau. Lokacin siyasa mu ne 'yan gaban goshi, ana ba mu kuɗi da ƙwaya mu bi mota muna ihu. Da anka gama zaɓe, wayar kowa ta daina shiga. Masu wa'azi sun sha zuwa majalisarmu, su yi magana mai kyau, su tahi, ba mu ƙara ganinsu ba. Wanda ya ciro ni wani tsoho ne mai walda. Benci gare shi bakin shago da tulun ruwan sanyi. In na zo da jajayen idanu ba ya tambayata inda na kwana, sai dai ya ce, "Ɗana, riƙe mini ƙarhen nan." Haka na riƙa riƙe mai ƙarhe har na fara jin kunyar zuwa gabanai a buge.

Don Allah kada ku kafa allo mai cewa gidan gyaran hali, ba wanda zai yarda a gan shi yana shiga. Kada ku ɗauko littahi ku rubuta suna ranar farko. In anka ga motar jami'an tsaro bakin ƙofa sau ɗaya tana ɗaukar yaro, to ku rufe gidan kawai. Ku sa famfo da makewayi da wurin cajin waya. Ga zahin Afrilu da Mayu, wanka da inuwa kaɗai sun isa su jawo muku yara. Kuma ku buɗe daga la'asar zuwa dare, da sahe barci sukai.

Malama A'isha, ma'aikaciyar jinya, Arkilla:
Bello ya faɗi gaskiya, amma zan ƙara abin da benci ba ya iya yi. Yaron da jikinsa ya saba da tiramol, ranar da ya daina za ku ga gumi yana keto masa, yana hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, gaɓoɓi na ciwo, ga gudawa, ga rashin barci. Na ga saurayi ƙaƙƙarfa yana birgima a tabarma yana roƙon a taimake shi. Wanda kuma ya sha da yawa yana iya faɗuwa yana karkarwa, mutane su ce iskoki ne. Cibiya ba asibiti ba ce, don haka tun kafin ku buɗe ku nemi fahimtar juna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, ku kuma tanadi wanda zai raka yaro da ƙafarsa, don takardar turawa kaɗai a aljihu take ƙarewa. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, amma yaran da nake gani ba dainawa suka yi ba, wasu ƙwayoyin suka koma. Sannan ku sa a ranku da yawansu za su koma ruwa. In dokarku ita ce korar wanda ya koma, cikin ɗan lokaci za ku rasa kowa.

Hajiya Luba, Gidan Igwai:
Ni uwa ce. Da shawarar dangi muka kai ɗana wani gidan mari a wata jiha, muna biyan kuɗi duk wata. Ya dawo da tabon ƙarfe zagaye da idon sawunsa, har yau ba ya sa wando mai ɗagewa, kuma ya daɗe ba ya kallon idona. Da na ji labarin gidajen da aka fasa a Kaduna da Daura a 2019, kwana na yi ina kuka. Malam Umaru, ku yi wa Allah kada a sa kwaɗo a ƙofar nan daga waje.

Kuma kun yi ta cewa yara, ina 'yan mata? Binciken da aka yi kan shaye-shaye a Najeriya a 2018 ya nuna cikin masu sha huɗu, ɗaya mace ce. Su ba sa zaman majalisa, a ɗaka suke sha, wasu ma matan aure ne. Ba za su taɓa shiga ƙofa ɗaya da maza ba. A garin nan Nana Asma'u ta tura jajis, wato malamai mata da ta horar, suka bi mata har ƙauyukansu da karatu. Ku samo mata dattawa masu riƙe sirri su riƙa shiga gidaje, ni ce ta farko.

Alhaji Shehu, Runjin Sambo:
Ban ƙi ba, amma ku ji ta maƙwabci. An taɓa buɗe irin wannan kusa da gidana da kuɗin wata ƙungiya. Ba a gaya wa mai unguwa ba, ba a gaya wa liman ba, sai muka wayi gari da taron samari a lungu. Ko akuya ta ɓace, su ake zargi, da gaskiya da ƙarya. Da kuɗin ƙungiyar suka ƙare aka kulle wurin, kekunan ɗinkin ma ban san inda suka shige ba, yaran kuma suka koma kangon da suka fito da ƙarin haushi. In ba ku da kuɗin haya da albashin mutum biyu na shekaru, kada ku fara. Ku nemi mai hali ya ba da gidan waƙafi, a rubuta, a sanar da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. In da shaguna a gaban gidan, hayarsu ta riƙa biyan wuta da ruwa.

Sani baduku, Kanwuri:
Na karɓi irin yaran nan koyon dukanci. Hannunsu na da kyau, akwai wanda cikin ɗan lokaci ya iya yanka jar fata ya ɗinka gidan wuƙa tsaf. Abin da ke korarsu yunwa ce. Yaron da ke ci daga abin da ya samu a ranar ba zai jira ƙarshen wata ba. Ku ba shi kuɗin abinci kullum da yamma, ko ba yawa.

Malam Umaru, Mabera:
Allah ya saka muku da alheri. Maganar allo, kwaɗo da rajista mun ɗauka. Alhaji Shehu, ranar Juma'a bayan an sauko za mu je wurin mai unguwa da liman, muna roƙon ka zo tare da mu ka maimaita musu abin da ka faɗa a nan. Hajiya, a fara haɗa sunayen matan. Abin da ya rage mana shi ne yaron da ya zo da makami a ƙugu, ko wanda ake nema kan laifi. Ba ma son mu zama mafakar ɓarna, ba ma kuma son mu zama tarko. Bello, ka tambayo mana tsohon nan mai walda yadda yake yi da irinsu.