Neman shawara: maƙwabciyata 'yar Malesiya ta ja baya da ni, ga bikin 'yarta ya matso

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya mini a rai. Muna zaune a Kajang, jihar Selangor, maigidana yana karatun digiri na uku. Gidan bene ne na haya, ƙofa na kallon ƙofa. Wadda ke kallon tamu wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Malay, kowa Makcik yake ce mata.

Sai na faɗa muku wace ce ita a wurina tukuna. Lokacin da na zo haihuwar Hanif ba ni da kowa, kuɗin jirgin da zai kawo Mama daga Kano ya gagara. Mijin Makcik ne ya kai mu asibiti cikin dare a tsohuwar motarsa ƙirar Proton. Da aka sallamo ni, matar nan ta ɗauke ni kamar ita ta haife ni. Su jegonsu kwana 44 ne, kuma sai da ta sa na cika shi. Kullum da safe za ta shigo da farfesun kifi mai citta da masoro, ta hana ni ruwan sanyi, ta sa ni dole in sa safa duk da zafin garin nan. Ita ta kira mai tausa, ita take ɗaure mini ciki da wani dogon ƙyalle tun daga ƙugu har ƙasan ƙirji, ta ƙulla shi ƙulli bayan ƙulli. Za ta gasa dutse, ta naɗe shi da ganye da tsumma, ta riƙa danna mini a mara tana mini hira da Turancinta guntu-guntu. Ko sisi ba ta karɓa ba. Hanif a hannunta ya koyi zama. Ita ta nuna mini kasuwar dare, ta nuna mini mai kajin da ba ya cuta a awo.

To bayan Babbar Sallah mijinta ya rasu. Maigidana ya je jana'iza har maƙabarta, ni ma na shiga na yi gaisuwa na yi kuka. Sai suka fara taron karatun Yasin da tahlili da daddare, na uku, na bakwai, ba mu je ba. Ranar arba'in kuma aka kawo mana abinci, abin da ya faru ya faru.

Tun daga nan ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana ba. In mun haɗu a bakin lif ta yi murmushi, ta taɓa kan Hanif, shi ke nan. Ba ta ƙara ƙwanƙwasa mana ƙofa ba. Da can kullum sai ta tambaye ni ko na ci abinci, yanzu babu. Yanzu autarta za ta yi aure ranar Lahadi ta sama, a zauren taro na unguwa, daga 11 na safe zuwa 4 na yamma. Na ga da idona tana bi ƙofa-ƙofa tana miƙa katin hannu da hannu. Namu ta ƙarƙashin ƙofa na tsince shi. Maigida ya ce ni na sani. In je ko kada in je? In zan je me zan kai? Ina tsoron in shiga a riƙa kallona.

Baban Walid:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin ba mu labarin dutse da ƙyalle, amma kin tsallake inda maganar take. Me ya faru da abincin arba'in? Na daɗe a ƙasar nan, na yi karatu, na koyar, na zauna a Selangor da Johor, kuma tun kafin ki amsa na san amsar. Mutumin Malay ba ya faɗa da baki. Ba zai ɗaga murya ba, ba zai ce kin yi masa laifi ba, zai dai janye a hankali yana murmushi. Mu mun saba a yi cacar baki a huce, su a wurinsu fito-na-fito rashin tarbiyya ne. Kuma babu abin da suka ɗauka da girma kamar abinci. Ko kin ƙoshi, al'adarsu ita ce ki ɗan taɓa, ko ƙwayar shinkafa ce ki kai baki, tsofaffinsu har suna ganin wanda ya ƙi taɓa abincin da aka miƙa masa zai iya gamuwa da tsautsayi. Faɗa mana gaskiya.

Ummu Sumayya:
'Yar'uwa kada kowa ya sa ki jin kin yi laifi. Taron uku da bakwai da arba'in mun san hukuncinsa tun a gida, ba sai mun zo Malesiya za mu sauya ba. Alherinta Allah ya saka mata, amma alheri ba ya sayen aƙida. Biki kuma ki tambaya tukuna, nasu maza da mata a haɗe suke cin abinci, ga kiɗa, ga amarya da ango a kan kujera kowa na ɗaukar hoto. Ni ba na zuwa, kuma ban ga abin da ya rage ni ba.

Maman Hanif:
Yaya Baban Walid, ba ɓoyewa na yi ba. Jikarta ce ta kawo, yarinya 'yar firamare, shinkafa da kaza a roba biyu. Maigida yana ciki, ya ce kada a karɓa. Na ce wa yarinyar ta mayar, ta ce wa kakarta mun gode amma ba ma cin abincin taron mamaci. Cikin ladabi na faɗa, wallahi ban ɗaure fuska ba. Akwai mata a barandar suna fitowa daga gidan, amma ni ban kira kowa ya saurara ba. Me zan yi, in karɓa in zubar? Wannan ai shi ne munafunci.

Baban Walid:
To ga ta nan. Kin mayar wa matar da ke takaba abincin sadakar mijinta, ta hannun yarinya, a gaban ƙawayenta. Mijin da ya kai ki asibiti. Ki sani mutanen nan Shafi'awa ne, ba wai wasu tsiraru ba, kusan ƙasar gaba ɗaya a kan haka take. Alƙunut a sallar asuba kullum, Yasin daren Juma'a a kusan kowane masallacin unguwa, tahlili in an yi rasuwa, tun daga talaka har fadar sarki. A wurinta ba wani ra'ayi kika bayyana ba, cewa kika yi addu'ar da take yi wa mijinta ba ta da kyau.

Kuma ina jan kunnen masu cewa a je a yi mata nasiha. Harkar addini a nan tana hannun jihohi ne, Sarkin Selangor shi ne shugaban addini a jiharsa, kuma koyar da addini ba tare da takardar izinin hukuma ba laifi ne. A 2009 hukumar addini ta Selangor ta kama Dakta Mohd Asri Zainul Abidin, wanda ya riga ya riƙe muƙamin muftin jihar Perlis, a kan wannan dalilin. Ɗan ƙasa ke nan, malami sananne. Ina ga mai bizar zaman iyali? Ku riƙe fahimtarku a cikin ɗakinku.

Ummu Sumayya:
Malam, ba wanda ya ce ta hau mumbari. Amma tunda ka kawo Perlis, ka ga ko a cikinsu akwai waɗanda ba su ɗauki wannan taron dole ba. Don me za a ce baƙuwa ce kaɗai ba ta da ikon ta ce a'a?

Ɗalibi daga Sintok:
Anti ke kin ma yi sa'a da kika samu wadda ta kula ki. Ni da na sauko Kuala Lumpur neman ɗaki, sai mu gama magana da dillali a waya lafiya lau, ina aika hoton fasfo sai ya ce mai gida ba ya son 'yan Afirka. Wasu ma a jikin tallar suke rubutawa ƙarara. A jirgin ƙasa kujerar da ke kusa da ni ita ce ta ƙarshen cika. Wasu 'yan tsiraru daga cikinmu sun ɓata mana suna da damfara, mu da muka zo karatu muke biya. Nan jihar Kedah dai da sauƙi, hutunmu ma Juma'a da Asabar ne, mutum ya je masallaci hankali kwance. Shawarata ki rabu da ita, gama karatu za ku yi ku tafi.

Hajiya ta Gombak:
'Yata, kada ki bi ta masu cewa ki rabu da ita. Wadda ba ta son ki zo ba za ta ɓata kati a kanki ba. Ta tura ta ƙarƙashin ƙofa ne don tana jin tsoron a sake mayar mata da abu a hannu. Kada ki jira ranar Lahadi. Ki shiga tun ranar Asabar, lokacin da mata suke taruwa yankan albasa da shirya 'yan kyaututtukan baƙi. Ki ɗaura zane ki ɗauki wuƙa ki zauna a cikinsu, ba sai kin ce komai ba. In kin samu ta keɓe, ki kama hannunta da hannu biyu ki sunkuya ki kai goshinki, yadda yaransu suke yi wa manya. Ki tafi da dambun nama ko cincin a roba mai kyau. Ni haka na yi da tawa maƙwabciyar da muka samu saɓani a kan shanya, yau ita ke riƙe mini makulli in na tafi gida.

Baban Walid:
Hajiya, da girmanki, amma dambun nama kuskure ne. Mutanen nan suna da tsantseni a kan nama fiye da yadda kike zato, sun saba da tambarin halal na JAKIM, hukumar addinin Musulunci ta ƙasar, a jikin komai, har ruwan roba. Naman da ba su san inda aka yanka ba za su karɓa da murmushi su ajiye. Kuma yanzu in ta kai abinci, ta buɗe ƙofar a rama mata. Abin da ake yi shi ne ambulan. Ki sa kuɗi, ni ringgit 50 nake sawa, ke saboda jegon da ta yi miki ki ninka. Ki naɗe shi ƙarami, lokacin gaisawa a bakin zaure ki zura mata a tafin hannu ba tare da kowa ya gani ba. Ki sa doguwar riga mai haske, ki ci abinci sosai inda za ta gan ki, ki karɓi ɗan ƙunshin da za a ba ki a ƙofa ko da dafaffen ƙwai ne. In za ki nuna wani abu, da babban yatsa ake nunawa, ba manuniya ba. Maganar neman afuwa kuma ki bar ta sai Ƙaramar Sallah, lokacin da kowa yake neman gafarar kowa kuma gidaje suke buɗe duk watan Shawwal. A nan ne ake binne irin wannan ba tare da an tono ta ba. Kuma dole maigidanki ya je, shi ya ɗaura wannan ƙullin.

Hajiya ta Gombak:
Malam, Ƙaramar Sallah da sauran watanni. A bar dattijuwa da ciwo a zuciya har lokacin? Dambuna kuwa an ci a gabana, har an tambaye ni yadda ake yi.

Maman Ikram:
Ni dai matsalata ta fi wannan. Maƙwabtana 'yan Sin ne, mutanen kirki, suna kawo mana lemo a sabuwar shekararsu. Amma watan da suke ƙona takardu saboda mamatansu hayaƙin har cikin ɗakina, ga yarinyata mai asma. A daren kwana na takwas na sabuwar shekarar kuma, ƙarfe 12 daidai, sai tartsatsin wuta da ƙara kamar ana yaƙi. Na yi wa masu kula da ginin magana sun ce al'ada ce. Wa ya san yadda ake yi da wannan?

Maman Hanif:
Na gode duka. Amma ina ga ba a fahimce ni ba. Ni ban ce zan nemi afuwa ba, domin ban zagi kowa ba, umarnin mijina na bi a kan abin da muka yi imani da shi. In na je na sunkuya na kama hannunta, ai kamar na ce abin da muka yi kuskure ne, gobe in an yi taron kwana ɗari ta sake aiko da abinci, sai in yi yaya? Kuma ni ma na yi mata alheri, lokacin da ƙafarta ta kumbura ni nake yi mata cefane. Abin da nake so kawai mu koma yadda muke. Hanif yana zuwa ya tsaya a ƙofarta yana bugawa, ni nake janye shi.

Baban Walid:
Ƙanwata, ba za ki samu duka biyun ba. In na kwana ɗari ya zo, ki karɓa da hannu biyu ki ce kin gode, ki ba mai gadin ginin, da yawansu 'yan Nepal ne masu nisa da gida, za su ji daɗi. Ba ki ci ba, ba ki zubar ba, ba ki kunyata kowa ba.

Ummu Sumayya:
Wannan ai koya mata fuska biyu ne, Malam. Ta karɓa yau, gobe a ce ta shigo ta zauna a karatun.

Maman Hanif:
Na nuna wa maigida abin da kuka rubuta. Ya ce shi ba zai je wurin kiɗa ba, kuma ba ya son in je ni kaɗai da yaro. Ya ce in ba jikar ambulan ta kai mata. Ni kuma jikina bai ba ni a sake aiken yarinyar nan ba. Hajiya, in na shiga ranar Asabar ɗin ban je na Lahadi ba, zai wadatar ko zai ƙara ɓata abin?

Ɗalibi daga Sintok:
Don Allah tunda manya suna nan, wa zai sauko daga Kano a watan nan? Ina da saƙon daddawa da kuka, ba su fi kilo biyu ba, zan zo har filin jirgi in karɓa.