Abin da aka tsinta a hirar kare gonaki: tarihin Harold Steves

A wata hira kan kare gonaki, an ɗauki tarihin Harold Steves, manomin garin Richmond a lardin British Columbia na Kanada, aka tattauna a kai. Ga abin da ya fi fitowa.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce manomi ya riƙa leƙa taswirar tsarin gari tun kafin masu awon filaye su iso. Hukumar garin ta mayar da gonar su Steves cikin yankin gidajen zama, iyalin ba su farga ba sai da aka hana mahaifinsa izinin ginin da kiwon shanunsu na madara ke buƙata. Wani dattijo ya ce haka gonakin gefen Kano ke tafiya, da safe dawa, da yamma fulotai.

An kuma ce a fara daga ƙasa. Steves ya zama kansila a 1968, ya shiga majalisar lardi a 1972 a jam'iyyar New Democratic Party (NDP). A 1973 gwamnatin Dave Barrett, firimiyan lardin ɗan NDP, ta yi dokar keɓe filayen noma, kusan kashi 5 cikin 100 na lardin. A ganina nan ne ƙarfinsa: bai tsaya kan gonar gidansu ba, doka ya nema wadda za ta rufa wa kowa asiri.

Kan zaɓe aka rabu. Wasu na ganin kujera tana cinye ɗan gwagwarmaya. Aka tuna musu cewa Steves ya rasa kujerar majalisa a 1975, ya koma kansila, bai sauka ba sai 2022, yana ta jayayya da masu neman a zare filaye daga cikin dokar.